Katwaru Mai Jan Fankar Alƙali

Jikata Shagufta, wadda ke koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, ita ta tono mini kalmar. Ta shigo da wani ƙamus mai nauyin jariri, ta aza mini a cinya, ta ɗora yatsa a kan layi.

"Kaka, ga kalmarku nan ta ɓuya a cikin ta Turawa."

Na gyara tabarau. Punkah. Ta ce yanzu ko a Ingila da wuya ka sami wanda ke faɗinta. Ta tsufa, ta koma lungun littafi, kamar yadda ni ma na koma lungun gida.

Ƙamus ɗin ya bi mata salsala kamar maroƙi a gidan biki. Daga bakinmu Turawa suka ɗauke ta, pankha, wato fanka. Ita kuwa 'yar pankh ce, fiffike. Can sama da su akwai kakarsu a harshen Sanskrit, paksha, mai nufin fiffike, mai nufin gefe, mai kuma nufin rabin wata, ko rabin da yake cika ko rabin da yake ƙarewa. Tsuntsu ma a gidan nan ya sami sunansa, pakshi, mai fiffike. Na daɗe ina rubuta waƙa, na san daɗin irin wannan zuri'a, a ce tsuntsu da wata da iskar ɗaki duk jini ɗaya ne. Da a da ne, da na fitar da baitoci kafin shayina ya huce.

Amma na bar waƙa. Fiffiken tsuntsu, tsuntsu ke kaɗa abinsa ya tafi inda ransa ke so. Wanda Turawa suka tafi da sunansa kuwa dogon katako ne da aka rataye a rufin ɗaki, aka yi masa geza da yadi, aka ɗaura masa igiya, a ƙarshen igiyar kuma akwai mutum zaune a ƙasa. Ƙamus ya ba mutumin rabin layi. Ni na san ɗaya daga cikinsu, sunansa Katwaru.

Shekarar da kogin Gagara ya cinye ƙauyukan gabas ya shigo garinmu, shi da matarsa Sugiya, da tukunya ɗaya, da igiyar akuyar da ruwa ya tafi da ita. A lokacin ni sabon magatakarda ne a kotun gunduma. Ina kwafe hukunci in alƙali na nan, ina ɓata takarda da baitoci in ya fita.

Masu jan fankar zauren shari'a a baranda suke zama, igiya ta bi ta wani rami a bango. Ɗakin alƙali na ciki kuwa ba shi da baranda, dole mai ja ya zauna a kusurwa, cikin ɗakin. A nan lauyoyi ke rage murya, a nan babban ɗan sanda ke zuwa ya faɗi abin da ba ya faɗa a zaure, a nan hukunci ke nuna kafin a sauke shi. Saboda haka al'adar kotun nan ita ce ba a ba kowa wannan igiyar sai kurma. Tsohon da ke riƙe da ita ya mutu a farkon bazara, aka ce wa babban masinja, Ramdhari, ya nemo wani.

Katwaru na tsugune a bakin ƙofar kotu yana kallon masu cin abinci, sai mai shayi ya dube shi ya ce, "Kai ɗan ambaliya, da kurma ne kai da yau ka ci ka ƙoshi."

Katwaru ya ji shi sarai. Ya ɗaga kai zai amsa, sai wani abu ya riƙe masa harshe. Ya bar idonsa a kan bakin mutumin, ya yi murmushin wanda bai gane ba.

"Af," in ji mai shayi, "ashe ma shi ne. Ramdhari, zo ga kurmanka Allah ya kawo har ƙofa."

Ramdhari yana da hanyarsa ta gwaji. Ya jera masu neman aikin suna fuskantar bango, ya saki faranti na tagulla a bayansu. Wanda kafaɗarsa ta motsa ya tashi. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zagin iyayensu mata da murya mai taushi, yana leƙen wuyansu ko jijiya za ta tashi. Daga ƙarshe ya koma nesa ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ga sauran sattu nan, garin wake da gishiri da barkono, wanda ya juyo nasa ne." Mutum biyu suka juyo. Katwaru ya gaya mini daga baya cewa farantin bai dame shi ba, zagin ma ya haɗiye, amma garin waken nan saura kaɗan ya karya masa wuya.

Aka ba shi igiya. Ramdhari dai bai taɓa sakin jiki da shi ba. Yakan ce mini, da sunan da ake kiran magatakarda, "Munshi-ji, idon kurma bakin mutane yake bi. Na wannan ƙasa yake bi, kamar mai tsoron kada a ga abin da ke ciki."

Jan fanka ba ƙarfi yake so ba. Ka ja a hankali, ka ɗan fizga a ƙarshe don gezar ta watsa iska, ka saki igiya ta koma da kanta, ka sake. In ka yi sauri takardu su tashi, in ka yi sanyi gumi ya ɗiga a kan sa hannun alƙali. Katwaru ya iya har mutum kan manta akwai hannu a ciki. Yana zaune ya ba teburi baya, fuskarsa a bango, in hannu ya gaji ya ɗaura igiyar a babban yatsan ƙafa. Daga shigowar zafi har ɗaukewar damina haka yake. In sanyi ya zo ya koma hura gawayi a kasko da ɗaukar fayil.

Abin da bai lissafa ba shi ne ƙanƙantar garinmu. Wanda yake kurma a kotu dole ya zama kurma a kasuwa, a bakin rijiya, a wurin bauta. Ya ce zazzaɓi ne ya toshe shi yana saurayi, don haka yana magana, amma da ƙarfi, ba hawa ba sauka, kamar mai kiran wani a hayin kogi. Mutane suka mai da shi inuwar bishiya. Kowa ya zo ya zauna kusa da shi ya zazzage cikinsa ga abokinsa. Samari su tare shi suna washe baki, suna haɗa hannu kamar masu gaisuwa.

"Katwaru-ji, barka da rana, ya jaki ɗan jaki. Matar nan taka ta fi ƙarfinka, ka sani ko?"

Shi ma ya haɗa hannu ya amsa da ƙarfi, "Lafiya lau, zafi ne dai."

Sugiya kaɗai ta san muryarsa ta gaskiya, wadda ba ta fita sai an rufe ƙofa. Da ta haifi ɗansu Bechan, ita ce ta yanke maganar.

"Bakin yaro ba shi da murfi, Baban Bechan. Ranar da ya fara wasa a waje, ranar garin nan zai sani. Shekara nawa kana jin sirrin alƙali? Ba kora kaɗai za su yi maka ba."

"To in ya kira ni fa?"

"Sai ka bari ya taɓa ka."

Haka yaron ya tashi. Ya koyi jan gefen rigar ubansa kafin ya koyi tafiya sosai. Su biyu suka ƙirƙiro yarensu na hannu: yatsu a baki abinci ne, tafin hannu a kumatu barci, dunƙule a ƙirji yana nufin ni da kai. Duk da haka yaro bai daina kiran Baba ba, don yaro ba ya kira saboda a ji, bakinsa ne ke so.

Ranar karen ina cikin ɗakin. Alƙalin lokacin Bature ne, yana da wani ƙaton karen farauta da ake ɗaurewa a gindin mangwaron harabar kotu. Tsakar rana ce, iskar zafi na busowa, an bar taga a buɗe. Alƙali na faɗa ina rubutawa. Ramdhari na tsaye a bakin ƙofa, inda yake ganin gefen fuskar Katwaru. Bechan, wanda bai wuce shekarun fara makaranta ba, ya shigo haraba da ƙunshin abincin ubansa kamar kullum. Ranar igiyar karen ta kwance.

Mun ji haushi, muka ji faɗuwar kwano, sannan muryar yaron. Ba uwa ya kira ba, ba Allah ba. Baba yake kira, yana sakewa, muryar na tsagewa.

Alƙali ya ture kujera ya fita da gudu yana kiran sunan karensa. Ni na bi shi har ƙofa, a nan na waiga. Ramdhari bai motsa ba, idonsa na kan Katwaru. Katwaru kuwa yana fuskantar bangonsa. Hannu ya ja, ya ɗan fizga, ya saki. Fanka na kai da kawowa a kan kujerar da ba kowa, tafiyarta ba ta canza ba ko kaɗan. Na tuna na ce a raina, kurumta ma wata rahama ce.

Mai ɗiban ruwan kotu ne ya raba su da sanda. Kare ya riga ya yage naman ƙaurin yaron har jijiya. Sai da Ramdhari ya taɓa kafaɗar Katwaru ya nuna masa waje, sannan ya saki igiya ya fita, ya ga jini, ya yi wani irin kuka da har yau ban sami kalmarsa ba. Alƙali ya sa aka kai yaron asibiti a motarsa, ya aika masa da gwangwanin biskit. Karen kuma aka tura shi garin sanyi na kan duwatsu tare da uwargidan alƙali, wai zafi ne ya taɓa shi. Ramdhari ya same ni da yamma ya ce, "Na janye zargina, Munshi-ji. Ba uban da zai iya."

A hanyarsu ta dawowa daga asibiti, tsakiyar gonakin rake inda ba kowa, Sugiya ta tsaya.

"Ka ji shi?"

"Na ji."

"Tun kiran farko?"

"Tun haushin."

"Ni ina gida ina tankaɗe, cikina ya ji. Kai kana nan da kunne biyu."

Ya ce mata numfashi uku ne kacal. A numfashin farko jikinsa ya yi abin da ya saba, ya ƙi juyawa. A na biyu ya ga idon Ramdhari. A na uku alƙali ya riga ya fita, ya ce wa kansa ai an tafi, ai za a cece shi. Ba ta ce masa ƙarya yake ba. Ta kamo hannunsa ta ɗora a kanta.

"Rantse. Ba zai taɓa sani ba. Kai ka zaɓi kurumta, to ka mutu da ita."

Ya rantse.

Bechan ya tashi da ɗingishi. Da ya girma ya kafa wurin gyaran keke a gindin darbejiyar ƙofar kotu, aikin da ake yi a tsugune. Allah ya ba shi murya. Yana liƙe tayar lauya yana rera waƙoƙin makiyayan gabas, irin na rabuwa, har masu ƙara su manta sun zo faɗa. Kuma ban taɓa ganin ɗan da ke ji da ubansa kamarsa ba. Shi ke kai shi aski, shi ke tsaya masa a ciniki. Samarin da ke zagin tsoho cikin murmushi suka daina, tun ranar da Bechan ya bi ɗayansu da famfon keke, yana ɗingishi yana cewa ya tsaya ya maimaita wa mai kunne. In aka tambaye shi labarin ƙafarsa, yakan dafa kafaɗar Katwaru ya ce, "Da ubana na da kunne, da ya yaga karen nan biyu kamar gurasa. Ku dubi hannun nan." Katwaru na zaune, yana murmushin wanda bai gane ba.

Turawa suka tafi. Aka sauke hoton sarkinsu, aka kawo alƙali ɗan ƙasa. Muka zaci za a saki al'adar, amma shi ma ya tambaya ko mai fankar kurma ne, aka ce e, ya ce madalla. Sugiya ta rasu a wani sanyi, aka ƙona gawarta bisa al'adarsu ta Hindu, ta tafi da muryar mijinta. Sannan wayar lantarki ta iso garinmu a kan dogayen turaku. Aka kwance katakon, aka rataye fankar lantarki mai fiffike uku, wadda ba ta cin sattu kuma ba ta da ɗa. Aka rataya wa Katwaru furanni a wuya, alƙali ya yi jawabi a kan amanarsa, aka tafa. Ya naɗe igiyarsa ya fita.

Wata Juma'a bayan na dawo daga masallaci na same shi a ƙofar gidana. Na fara yi masa alamar ya shigo, sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa, mai laushi, wadda ban sani ba.

"Bar wahalar da hannunka, Munshi-ji. Ina ji."

Na zauna a kan dakali ba tare da na yi niyya ba.

"Tun yaushe?"

"Tun da uwata ta haife ni. Waƙarka ta kogi, wadda kake maimaitawa in alƙali ya fita, ta yi tsawo. Ta ruwan farko ta fi."

Na yi dariya, sai tagar nan ta ranar karen ta faɗo mini a rai. Ya ga ta faɗo. Ya ba ni labarin duka, tun daga mai shayi har gonar rake, da muryar da ta yi tsatsa don rashin amfani. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Kai mai kalmomi ne. Ba ni wadda zan fara da ita. Zan gaya wa Bechan."

Na ce masa akwai hanya mai sauƙi. A hayin kogi akwai kabarin waliyyi, inda Musulmi da Hindu duk ke zuwa ɗaura zare. Ya je ya kwana biyu, ya dawo ya ce kunnuwa sun buɗe. Gari zai yi murna, a raba alewa, ɗansa ya yi masa waƙa har muryarsa ta dushe, ba wanda zai yi asara.

Ya girgiza kai. "In na ce jiya suka buɗe, to ban ji kukansa na farko ba ke nan. Ban ji ranar da ya fara cewa Baba ba, yana riƙe da ƙafar gado. Ban ji waƙa ko ɗaya ba. Yana tausayina, Munshi-ji, yana cewa ubansa bai san muryarsa ba. Ni kuwa ba abin da na mallaka a duniya sai ita. So nake ya san ban zubar da ko ɗigo ba."

"Rantsuwar fa?"

"Kan da na dafa ya zama toka, kogi ya tafi da shi."

"Zai tambaye ka ranar karen."

"Shi ma uba ne yanzu. Ya san abin da ciyar da baki yake."

Ban ba shi kalma ba, don ba ni da ita. Ya roƙe ni in raka shi kawai, in zama shaida.

Ranar da kotu ba ta zama muka je. Bechan na tsakar gida a tsugune, ya ba mu baya, yana juya tiyub a cikin kwanon ruwa yana neman inda ke fitar da iska. Yana waƙa a hankali. Katwaru ya tsaya a bayansa ya saurara har baiti ya ƙare.

"Ɗaga muryar a na biyun," ya ce, "kamar yadda kake yi a bikin Holi."

Bechan ya juyo ya dube ni, ya ɗauka ni ne. Na nuna masa ubansa. Ya miƙe da ruwa a hannu, ya zagaya bayan tsohon, ya rage murya kamar mai tsoron tashin tsuntsu.

"Baba."

"Na'am."

Ya sake matsawa baya. "Baba."

"Na'am, ɗana."

Ya faɗi ya kama ƙafafunsa yana dariya yana hawaye, yana ƙwala wa matarsa kira ta fito ta gani. "Wane mai magani ne? Wane waliyyi? Munshi-ji, kai ka kai shi? Wallahi yau ba mai barci a unguwar nan, sai na rera masa duk abin da na sani, har na banza."

Ƙofar da na nuna masa a baya ta buɗe da kanta. Na kafe Katwaru da ido ina roƙonsa ya bi ta. Bai dube ni ba.

"Ba wanda ya buɗe kunnuwana. Ba su taɓa rufewa ba. Don aikin ne, ni da uwarka muka ɓoye." Sai ya shiga zubo abin da ya tara, da sauri, kamar mai kwance ƙunshin tsaraba. Yadda Bechan ke kiran akuya da sunan maƙwabciyarsu yana ƙarami. Waƙar da ya yi wa matarsa kafin a aura masa ita, a bayan ɗaki, yana zaton ba mai ji. Addu'ar da yake yi wa kunnen ubansa duk safiya.

Murmushin Bechan ya daɗe a fuskarsa, kamar hasken da ke saura bayan rana ta faɗi. Hannunsa ne ya fara ganewa. Na ga ya sauka a hankali ya dafa ƙaurinsa.

"Har da ranar?"

"Har da ita."

"Taga a buɗe take?"

"A buɗe."

"Na yi ta kira."

"Na sani. Bechan, numfashi uku ne kacal, Ramdhari na tsaye, da an kama ni da ku duka..."

"Duk garin nan na gaya wa abin da za ka yi da kana da kunne. Kana zaune. Hannuna a kafaɗarka."

Bai ɗaga murya ba. Ya koma ya tsuguna gaban kwanon, ya danna tiyub ɗin cikin ruwa, muka tsaya muna kallon ƙananan kumfa na tasowa. Matarsa ta fito tana tambaya me aka ce ta gani. Can ya ɗago, ya dubi ubansa, ya kai yatsu baki, ya nuna ɗaki. Abinci ya sauka, je ka ci.

Bai kore shi ba. Bai rage masa ko loma ba. Shi ya ci gaba da kai shi aski. Amma daga ranar bai sake furta kalma a inda ubansa zai ji ba. In yana waƙa a gindin darbejiya ya hango tsohon tafe, sai ya haɗiye sauran. In magana ta zama dole, hannu ke yi.

Gari kuma ya ji kafin magariba. Kowa ya shiga tuna abin da ya taɓa faɗa a gefen kurma. Matan da suka yi zancen mazajensu a bakin rijiya suka koma jan mayafi in sun gan shi. Wasu lauyoyi suka taru a kan za su kai shi ƙara, suka watse da suka tuna mai laifi ma ana ba shi damar magana. Ramdhari, wanda tsufa ya kwantar, aka kai masa labari ya ce da ya san haka ne da bai so ya yi gaskiya ba. Duk inda Katwaru ya zauna, hira ta mutu. Rumfar shayi ta yi tsit har sai ya tashi. Bai taɓa tona asirin kowa ba, ba kuwa wanda ya gode masa. Yakan zo wurina wani lokaci in karanta masa abin da na rubuta, ya saurara da ladabi, amma ni da shi mun san ba tawa muryar ya zo nema ba.

Bai daɗe ba bayan haka. Da ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa aka aiko mini, na je da hantsi. Sun riga sun sauke shi daga gado zuwa ƙasa, kamar yadda suke yi wa mai shirin tafiya. Limaminsu na Hindu ya ɗiga masa ruwan kogin Ganga mai tsarki a baki, ya sa masa ganyen tulsi, tsiron ibadarsu, a harshe. Saura abu ɗaya, a faɗa masa sunan Ram, abin bautarsu, a kunnen dama don ya tafi da shi, kuma babban ɗa ake so ya faɗa.

Limamin ya ce, "Bechan, matso. Yana ji."

Bechan ya durƙusa da ƙyar, ƙafar ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata. Idon Katwaru a buɗe yake. Na ga ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya juya kai, ya ɗan ɗaga shi daga ƙasa, ya miƙa kunnen. Bechan ya sunkuya har gashin bakinsa ya kusa taɓa shi. Leɓunansa suka motsa.

Mutanen da ke bakin ƙofa suka ce madalla, ya sauke nauyi. Ni ne na fi kowa kusa, kuma a lokacin kunnena ƙalau yake. Ko iska ba ta fito ba.

Bechan ya dafa bango ya miƙe. Katwaru bai mayar da kansa ƙasa ba. Haka ya cika, kunne a sama, yana jira.